Alƙawarin Orano Da Sharar Arlit

Kamfanin Orano na Faransa, wanda a da ake kira Areva, yana shelar zai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Madalla, amma wa zai biya bashin baya? Shekara da shekaru, da lantarkin kwal na Sonichar aka haƙo yuraniyom ɗin Arlit a Nijar, Faransa kuwa tana tinƙaho da wuta marar hayaƙi. Da aka rufe mahaƙar Cominak a 2021, shara mai guba kimanin tan miliyan 20 aka bari jibge. Fataken can da ke sari a Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari 'yan'uwanmu ne, iyalansu ke shaƙar wannan ƙura. Tunda gwamnatin Nijar ta karɓe mahaƙar Somaïr a 2025, muna kira gare ta, ita da Orano, su fito su bayyana wanda zai ɗauki nauyin gyara.