'Yan Tsanan Japan A Rigasa

Jama'a, ga abin da na lura da shi a Rigasa. Yara sun shiga tara 'yan tsana masu laushi da a kan samu cikin dilar gwanjo. Daga wasannin kwamfuta na Japan aka ɗauko siffofinsu, kamar Sonic, shuɗiyar bushiya ta 1991, da Pikachu na 1996. Ɗana ya lissafa mini sunayensu tsaf, amma da na tambaye shi matar Gizo sai ya yi zuru. Ban ce a hana su ba. Roƙona ga telolinmu shi ne su ɗinka Gizo da Ƙoƙi da guntayen ƙyalle, gama abin da yaro ya kwana rungume da shi, da labarinsa ya kan girma. Allah Ya sa a ji.