Homiyofati Ba Ɗibbun Nabawi Ba Ne

Likitan Jamus Samuel Hahnemann ne ya ƙirƙiro homiyofati a 1796, bisa ƙa'idoji biyu: abin da ke jawo wa mai lafiya alamun cuta shi ke warkar da majinyaci, kuma yawan sirka magani ƙara masa ƙarfi yake yi. Akan sirka ɗigo guda cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a maimaita har sau 30. Bayan na 12, da wuya a sami ɓurɓushin asalin maganin.

Batun barasar mun bar wa malaman fiƙihu. Damuwarmu amanar rai ce: kada iyaye su ajiye maganin zazzaɓin cizon sauro na yaro saboda waɗannan ƙwayoyi, suna zaton Sunna suke bi.