Kafin A Ɗora Wa Na'ura Laifi

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoba na 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina tallafin da ya saba bai wa Windows 10, masu kwamfuta da yawa suka shiga neman sabuwar babbar manhaja, watau wadda ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya. Wasu suka nufi Windows 11, wasu Ubuntu. Ko wacce mutum ya zaɓa, a fayil guda ake saukar da ita, wanda ake kira ISO. Kwafin faifai ne sukutum, da abin da ke cikinsa da yadda aka jera shi.

A nan ake fara tuntuɓe. Mai na'ura ya kwafa fayil ɗin cikin filashi kamar yadda yake kwafar waƙa, ya kunna, na'ura ta yi biris da shi. Ba ta da laifi. Sai an rubuta shi da manhaja irin Rufus, a filashin da bai gaza gigabait 8 ba, kuma duk abin da ke cikin filashin zai shafe.

In kuwa aiki ya kankama sa'an nan ya tsaya a tsakiya, fayil ɗin ne abin tuhuma na farko, musamman inda wuta kan ɗauke ana cikin saukarwa. Masu manhaja kan buga wata lamba mai haruffa da alƙaluma 64, ana kiranta SHA-256. A lissafa ta fayil ɗin da aka saukar, a gwama. Ko harafi ɗaya ya saɓa, sai a sake saukarwa. In sun dace, a canza filashi, domin akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi.

Amma inda aka fi yin hasara shi ne lokacin da Windows ta ce ba za ta hau rumbun ajiyar na'urar ba. Tsarin raba rumbu iri biyu ne, tsohon MBR da sabon GPT. Hanyar tashin na'ura ma biyu ce, tsohuwar BIOS da sabuwar UEFI. Windows tana son GPT ya tafi da UEFI, MBR kuma da BIOS. In rumbu GPT ne aka tayar da filashi ta tsohuwar hanya, sai ta ƙi. Maganin bai wuce a sake kunnawa a zaɓi UEFI ba. Abin takaici, wani mai gyara mai gaggawa sai ya share rumbun ƙaf, aiki ya wuce, ya karɓi kuɗinsa. Takardun makaranta da lissafin shago na shekaru kuwa sun tafi ke nan. Wajibi ne mai na'ura ya kwashe kayansa zuwa wani wuri kafin ya miƙa ta, kuma ya hana a share kome sai da saninsa.

Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana da nata sharuɗɗan: UEFI, da ƙwaƙwalwa mai gigabait 4, da wurin ajiya mai gigabait 64, da sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Sau da yawa sashen yana nan, a kashe kawai yake, sai a shiga saitin UEFI a kunna shi.