Karatun Aku Ba Karatu Ba Ne

Ya ku 'yan'uwa da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, kun san abin da ya kai ku can da furfurarku: ku karanta wasiƙarku da kanku, ku san abin da ke cikin rasidin da aka miƙa muku. To, don me kuka zuba ido 'ya'yanku suna karatun aku a firamare?

Malami ya faɗi layi, yara su amsa da ƙarfi har a ji su a kasuwa. Rufe littafin, ka tambayi yaro wa aka ce ya yi me, sai ya yi zuru. Haba jama'a! Ko akun da Abubakar Imam ya sa cikin Magana Jari Ce a 1937 ya san ma'anar abin da yake faɗa.

Waɗansu suna cewa ai da hadda aka san mu. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Hadda ta Alƙur'ani ce, don a tsare lafazinsa. Amma in almajiri ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi a zaure, malam yakan fassara masa kalma kalma da Hausa, ba ya wucewa sai ya gane. Tsarin ilimin Nijeriya na 1977 ma ya ce a fara koya wa yaro da harshensa. Wanda aka ɗora wa Turanci tun bai iya karanta Hausa ba, an aza masa kaya biyu ba gammo.

Maganin yana hannunku. Kowane dare sa yaro ya karanta maka labari gajere, sa'an nan ya rufe littafin ya faɗa da bakinsa. Tambaye shi: wa ya yi, a ina, don me, me kake tsammani zai biyo baya? Kalmar da ta shige masa duhu, ya koma ya duba na kusa da ita. Bayan haka ya rubuta layi uku daga kansa, ba kwafi ba. Lura da ƙugiya da aya, don wanda ya rubuta baki yana nufin baƙi ya juya magana.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uban da ya gamsu da ihun aji, ranar da ɗansa ya sa hannu a takardar da bai gane ba, kada ya zargi kowa. Allah ya ganar da mu, amin.