Kowace Bindiga Tana Da Tambari, Mu Ne Ba Ma Karantawa

A Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin bindigogin sojan Romaniya. Mutum zai zuba kuɗinsa ya sayi bindigar da aka ƙera tun zamanin mulkin Nicolae Ceausescu, ya goge ta, ya zauna yana juya ta yana karanta abin da aka buga a jikin ƙarfenta. Ba na fatan wani ɗan Lafiya ya kwaikwayi wannan tarin. Karatun nan ne nake so mu ɗauka daga wurinsu.

Ga abin da suke karantawa. Yawancin waɗannan bindigogi daga masana'antar garin Cugir suka fito. A nan aka ƙera ƙaramar bindigar Orita a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a nan aka fara ƙera PM md. 63 a 1963, wato AK irin ta Romaniya. Daga nesa ake gane ta, domin tana da mariƙin katako a gaba, ƙarƙashin baki, wanda ta Rasha ba ta da shi. A gefen hagu akwai tambarin masana'antar, kibiya a cikin zane mai kusurwa uku, sai shekarar ƙira da lambar bindigar. Wasu suna ɗauke da babban harafin G, alamar cewa an yi su ne don dakarun sa-kai da Ceausescu ya kafa a 1968, bayan Tarayyar Sobiyet ta mamaye Cekoslobakiya. Da waɗannan 'yan alamu mai tari zai faɗa maka shekarar bindiga da wanda aka ƙera wa ita.

Romaniya ta sayar da irin waɗannan bindigogi ga ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya masu yawa. An harbe Ceausescu ranar 25 ga Disamba, 1989, ƙasarsa ta shiga NATO a 2004, amma bindigoginsa suna nan suna aiki, domin AK takan yi shekaru hamsin ba ta gaza ba. Mu kuwa a nan, ta Rasha ce, ta Sin ce, ta Romaniya ce, ko ƙirar maƙerin ƙauye ce, duk sunanta ɗaya: AK-47. Duk mun sha ganin yadda ake baje kolin waɗanda aka kama a labaran talabijin. A zaunar da samari a ƙasa, a jera bindigogi a gabansu, a ƙirga harsasai, a ɗauki hoto. Da wuya ka ji wani ɗan jarida ya tambayi ƙirar wace ƙasa ce, ta wace shekara, daga rumbun wa ta fito.

Mu a Nasarawa wannan tambaya ba ta masu son sani kawai ba ce. Ranar 7 ga Mayu, 2013, aka kashe gomman jami'an tsaro a Alakyo, kusa da Lafiya, kuma har yau akwai zawarawa da marayun wannan rana a cikinmu. Mutanen Awe, Keana, Doma da Obi sun san abin da rikicin manoma da makiyaya ya ci musu. Kowace bindiga da aka ɗaga a waɗannan wurare ta bi wata hanya kafin ta iso, kuma wani ne ya karɓi kuɗinta. Kama yaron da ke riƙe da ita a bar hanyar, kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

An riga an gwada karatun a Arewa, kuma ya yi amfani. A Janairun 2020 ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar da rahoto kan makaman da aka ƙwace a Kaduna, Katsina da Zamfara. Ta bin tambari da lamba suka gano wasu daga rumbun sojan Kwaddibuwa suka fito, wasu daga Libiya, wasu kuma daga rumbunan jami'an tsaronmu na gida. Wannan na ƙarshen yana da ɗaci, amma gara a sani. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta wajabta sa alama da ajiye rajista, kuma tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar ƙasa ta daƙile yaɗuwar ƙananan makamai. Doka tana nan. Abin da ya rage shi ne kada a lalata ko a kulle bindiga ko ɗaya da aka kama a jihar nan sai an ɗauki hoton tambarinta, an rubuta lambarta da inda aka same ta.

Maganar mutum ya tara bindigogin soja a gidansa ba ta ma taso ba. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana mallakar irinsu ba tare da izinin Shugaban Ƙasa ba, kuma a halin da muke ciki na goyi bayan hanin ɗari bisa ɗari. Tari na hukuma ne. Bukares ta Romaniya tana da gidan tarihin soja tun 1923. Umuahia tana da nata tun 1985, inda ake nuna makaman yaƙin basasa har da Ogbunigwe da 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu. Lafiya, garin da Barebarin Dunama suka kafa, tana da nata kayan: bindigogin toka na mafarauta, na 'yan bindigar da ke cika gari da hayaƙi ranar hawan Sallah, takubba da masu na iyaye da kakanni. Da yawa suna can a ɗakunan gado tsatsa tana cin su, maƙeran da suka san sirrinsu kuma suna ta ƙarewa.

Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Lafiya, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, wanda ya zauna a Kotun Ƙoli ya san darajar shaida, da Gwamnatin Jiha da masana tarihi na Jami'ar Tarayya ta Lafiya, su haɗa kai a ware ɗaki guda. A ajiye kayan gadonmu, a gefensu a sa 'yan bindigogin da aka ƙwace bayan an toshe bakinsu an kashe su, kowace da takardar da ke faɗin inda aka ƙera ta da ƙauyen da aka kama ta. 'Yan uwana 'yan jarida kuma, idan aka sake kiran ku baje koli, ku matsa kusa da tebur ku nemi a nuna muku gefen hagu na bindigar.