Ɓarayin Keke: Fim ɗin 1948 da ya kamata ɗalibai su sani

A wannan makon za mu leƙa ƙasar Italiya, mu koma shekarar 1948, shekara uku bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar ce wani darakta mai suna Vittorio De Sica ya fitar da fim ɗin da ya kira Ladri di biciclette da harshen Italiyanci, wato Ɓarayin Keke. Ku riƙe sunan da kyau, domin ɓarayi ya ce, bai ce ɓarawo ba.

Kafin yaƙin, Mussolini ne ke mulkin Italiya, kuma shi ya buɗe katafariyar ma'aikatar shirya finafinai ta Cinecittà a birnin Rum a 1937. Yawancin finafinan wancan zamani labarin masu kuɗi ne da gidajensu na alfarma, har aka yi musu laƙabi da finafinan farar tarho. Da yaƙi ya ƙare, garuruwa sun rushe, aikin yi ya yi wuya, ita kanta Cinecittà ta koma sansanin 'yan gudun hijira. Sai masu shirya fim suka ɗauki kyamarorinsu suka fito titi. Roberto Rossellini ya yi fim kan birnin Rum a hannun sojojin Jamus a 1945, De Sica da marubucinsa Cesare Zavattini kuma suka mai da hankali kan talakawa.

Ga yadda labarin yake. Antonio Ricci magidanci ne da ya daɗe ba shi da aiki. Rannan sai aka ba shi aikin manna takardun talla a bangayen birni, amma da sharaɗin sai yana da keke. Nasa keken kuwa ya riga ya ba da shi jingina don iyalinsa su ci abinci. Matarsa Maria ta yaye zannuwan gadonsu ta kai jingina, suka fanso keken. A wurin ne kyamara ta bi ma'aikacin da ya karɓi zannuwan yana hawa kan kantoci masu tsawo, duk maƙare da ƙunshin zannuwan wasu iyalai. Ba wanda ya yi jawabi a kan talauci, amma duk mai kallo ya gane cewa gidan Antonio ɗaya ne cikin dubbai.

A ranarsa ta farko a bakin aiki, yana kan tsani yana manna takarda, wani saurayi ya haye keken ya tsere. Antonio ya kai ƙara wajen 'yan sanda, suka rubuta, suka nuna masa ya je ya nemi abinsa. Washegari ya fita da ɗansa Bruno, yaro ƙarami, suna bin kasuwannin kayan keke cikin ruwan sama. Da rai ya ɓaci har ya mari yaron, daga baya ya kai shi gidan abinci don ya lallashe shi, alhali kuɗin aljihunsa ba su taka kara sun karya ba.

Daga ƙarshe ya ga saurayin, ya bi shi har unguwarsu. Me ya tarar? Ɓarawon ma talaka ne, ga shi da farfaɗiya, yana zaune da uwarsa a matsattsen ɗaki. Mutanen unguwa suka tsaya wa nasu, ɗan sanda ya bincika bai ga keke ba, kuma babu shaida.

Nan ne fim ɗin ya kai inda yake son kai mu. A kusa da filin ƙwallo Antonio ya hango wani keke a jingine jikin bango, ba kowa kusa. Ya ba Bruno kuɗin mota ya ce ya tafi, don kada ya ga abin da zai faru. Ya haye keken, aka yi masa ihu, aka kamo shi ana mari ana zagi. Ashe yaron bai samu shiga ba, komai a idonsa aka yi. Mai keken ya dubi yaron yana kuka, sai ya ce a saki uban. Suka shiga cikin taron jama'a, Antonio na hawaye, Bruno ya kama hannunsa. A nan fim ɗin ya ƙare, keken bai dawo ba.

Yanzu kun ga dalilin sunan. Ɓarayin biyu ne, kuma na biyun shi ne mutumin da muka yi awa ɗaya da rabi muna tausaya wa. Fim ɗin bai wanke Antonio ba, sata sata ce, kuma kunyar da ya sha a gaban ɗansa ta fi ɗauri zafi. Amma ya tilasta mana tambayar da ba mu yi ba a farko: shin ɓarawo na farko ma ba irin wannan hanyar ya biyo ba? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mu tuna da wannan duk ranar da muka ji ana ihun ɓarawo, jama'a sun yi ca da duwatsu. Hukunci aikin hukuma ne, kuma a cikin taron nan mutum ɗaya da ya dubi fuskar yaro shi ya fi kowa hankali.

Wani abin lura shi ne De Sica bai ɗauki taurari ba. Lamberto Maggiorani, wanda ya fito a matsayin Antonio, ma'aikacin masana'anta ne, kuma bayan fim ɗin shi ma ya rasa aikinsa. Enzo Staiola, wato Bruno, yaro ne da bai taɓa yin fim ba. Duk da haka fim ɗin ya samu lambar girmamawa ta Oscar a 1950, sannan a 1952 masana da mujallar Sight and Sound ta Ingila ta tambaya suka zaɓe shi a matsayin fim mafi kyau a tarihi. Wani matashi ɗan Indiya, Satyajit Ray, ya kalle shi a Landan a 1950, ya koma gida ya shirya Pather Panchali a 1955 a kan wani iyali matalauta a ƙauye.

Ga aikinmu na wannan mako. Ku roƙi malamin adabi ko shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarku ya nemo muku fim ɗin. Baƙi da fari ne, da Italiyanci ake magana, ana rubuta fassara a ƙasa. Bayan kun kalla, ku rubuta shafi ɗaya a kan abin da kuke ganin Antonio zai faɗa wa Maria idan sun isa gida, da abin da Bruno zai faɗa ko zai ɓoye. Ku aiko mana, za mu buga waɗanda suka fi ma'ana. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.