Louis Staudt: bincikensa kan limfoma da muhawarar yawan ambato

Louis M. Staudt (an haife shi a shekarar 1955) likita ne kuma masanin kimiyya ɗan ƙasar Amurka da ke aiki a Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Ƙasa, wato NCI, tun 1988. Ya yi suna wajen binciken limfoma, wadda sankara ce da ke kama wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini. An zaɓe shi mamba a Kwalejin Kimiyya ta Ƙasar Amurka a 2013. Aikinsa kyakkyawan misali ne a muhawarar da masana ke yi kan ko yawan ambaton takarda ya isa ma'aunin amfaninta.

Manyan takardunsa

Takardar da ta fi fito da sunansa ta bayyana a mujallar Nature a shekarar 2000, tare da Ash Alizadeh, Patrick Brown, David Botstein da wasu. Kafin nan ana ɗaukar limfomar da ake kira DLBCL, wadda ita ce ta fi yawa a tsakanin manya, a matsayin cuta guda. Da suka auna aikin dubban ƙwayoyin gado a lokaci ɗaya, sai suka gano kashi biyu ce: GCB da ABC. A cikin majinyatan da aka bibiya, kashi 76 cikin 100 na masu GCB suna raye bayan shekara biyar, masu ABC kuwa kashi 16 kawai. A 2002 wani binciken da ya ƙunshi majinyata 240 ya ƙarfafa wannan rabe-raben. A 2006 ƙungiyarsa ta fitar da hanyar gane limfomar Burkitt ta ƙwayoyin gado, cutar da ta yawaita ga yara a yankunan Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro. A 2018 kuma suka sake rarraba DLBCL zuwa rukuni huɗu bisa sauye-sauyen gado.

Yawan ambato

An ambaci takardar 2000 fiye da sau dubu goma a rubuce-rubucen masana. Dalilin a fili yake: duk mai rubutu kan DLBCL sai ya fayyace kashin da yake magana a kai, kuma daga can sunayen suka samo asali. Haka kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa bambancewa tsakanin GCB da ABC cikin ƙa'idar tantance cutar.

Sai dai ƙidayar tana da iyaka. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005 yana fifita wanda ya daɗe a fage, kuma ba ya bayyana gudummawar kowane mutum a takarda mai marubuta da yawa. Sanarwar San Francisco ta 2012 ta yi kira da a daina auna masani da martabar mujallar da ya yi rubutu a ciki.

Daga ambato zuwa magani

Binciken ƙungiyar Staudt na 2010 ya nuna cewa nau'in ABC ya dogara da wani saƙo da ke kai-komo cikin ƙwayar cutar, wanda maganin ibrutinib ke iya toshewa. A gwajin 2015, kashi 37 cikin 100 na masu ABC sun samu sauƙi, masu GCB kuwa kashi 5. Amma babban gwajin PHOENIX mai majinyata 838, da aka wallafa a 2019, bai nuna fa'idar ƙara shi kan haɗin magunguna na R-CHOP ga kowa ba. Waɗanda ba su kai shekara 60 ba sun amfana, tsofaffi kuwa illolin maganin sun hana da yawansu kammala jinya.

Wannan ya nuna cewa ambato yana auna yadda bincike ya sauya tunanin masana ne, sauya jinya kuwa sai gwaji a kan majinyata ya tabbatar. Akwai kuma batun tsada: asibitoci da dama suna amfani da hanyar Hans ta 2004, wadda ke rina nama a duba da madubin likita, domin auna ƙwayoyin gado ya fi ƙarfinsu, duk da cewa hanyar ba ta kai shi daidaito ba.